Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi: maganar Bad Brains

Jama'a masu sauraro assalamu alaikum. Tun da muka saka wani kiɗa mai nauyi a shirin makon jiya saƙonni suke ta shigowa, kuma kusan duk bakinsu ɗaya, wai wannan ihun da kururuwar jita haukan Turawa ne, me ya haɗa baƙar fata da shi, a daina ɓata mana kunne. In mutum ya ce kiɗan bai masa daɗi ba wallahi ba ni da ta cewa, kunnensa ne. Amma a ce na Turawa ne? Haba jama'a! Waɗanda kuka ji ɗin nan su huɗu ne kuma dukkansu baƙaƙen fata ne, sunan ƙungiyarsu Bad Brains, kuma suna cikin waɗanda suka aza harsashin wannan salon da kuke kira na Turawa.

A Washington suka taso, babban birnin Amurka, wanda a shekarun 1970 yawancin mazaunansa baƙaƙe ne. Mai waƙar Paul Hudson ne da ake kira H.R., a Liverpool aka haife shi a 1956, eh Liverpool ɗin nan dai ta 'yan ƙwallo, uwarsa 'yar Jamaika ubansa sojan saman Amurka. Ƙaninsa Earl shi ke kan ganguna, Gary Miller wato Dr. Know a kan jita, Darryl Jenifer a kan bes, wato jita mai kaurin sauti. Da jaz suka fara a 1976 da sunan Mind Power, kuma wannan yana da muhimmanci ƙwarai, don su sun iya kiɗa tun kafin su shiga fank (punk a Turance, wani salon kiɗan rok mai gudu da ihu), alhali yawancin yaran fank na lokacin waya uku suka sani a jita sai ƙarfin hali. Da wani abokinsu Sid McCray ya jiyar da su faya-fayan fank sai suka ɗauki abin suka ninka masa gudu. Faifansu na farko a 1980 waƙar ba ta kai minti biyu ba, amma gudun da ke cikinta da yadda kowane bugu ya faɗa daidai inda ya kamata, shi ne ya rikita yaran birnin.

Su waye yaran? Ian MacKaye da ya kafa ƙungiyar Minor Threat da kamfanin faya-fayai na Dischord, Henry Rollins da ya zama mawaƙin Black Flag, daga baya Dave Grohl mai gangar Nirvana wanda ya sha faɗa da bakinsa cewa bai taɓa ganin ƙungiyar da ta kai su a kan dandamali ba. Duk Turawa ne, duk a gaban Bad Brains suka tsaya suna kallo baki buɗe H.R. yana tsalle yana juyawa a sama ya dira daidai lokacin da kiɗan ya tsaya. Yau kowa ya san Grohl, ya cika filayen wasa, ya yi kuɗi har ya gaji. Malamansa fa? Wannan ita ce tambayata.

Wajen 1979 gidajen rawa na Washington suka rufe musu ƙofa, suka kwashe kayansu suka koma New York, can ma suka kunna wutar. Kaset ɗinsu mai ruwan ɗorawa na 1982, wanda aka zana tsawa tana faɗa wa ginin majalisar dokokin Amurka a bangonsa, ya zama kamar allon karatu ga duk yaron da ke son yin hadko, wato fank ɗin da aka ƙara wa gudu da zafi. Yaran Beastie Boys a wurinsu suka koya, mawaƙin Cro-Mags John Joseph kayansu yake ɗauka kafin ya riƙe makirfo. A tsakanin nan kuma sun ga Bob Marley a wasa sun rungumi aƙidar Rasta, shi ya sa za ka ji suna gudu kamar za su tashi sama sai kawai su taka birki su koma rege, su ambaci Jah, sunan da 'yan Rasta ke kiran Ubangiji da shi, sannan su sake fizga.

Amma inda na fi so ku tsaya ku saurara shi ne 1986. A shekarar ne suka fitar da albam ɗin I Against I a kamfanin SST, suka rage gudu suka ƙara nauyi, jitar Dr. Know ta koma irin ta metal, wato rok mai nauyi, mai sara daki-daki, suka zuba mata lanƙwasar fonk (funk, ba fank ba) da muryar sol a kai, salon kiɗan baƙaƙen Amurka guda biyu. A wannan shekarar dai Metallica suka saki Master of Puppets, Slayer suka saki Reign in Blood, kuma sai a 1987 D.R.I. suka fitar da albam ɗin Crossover da ya ba wa haɗin fank da metal suna. Ban ce Bad Brains kaɗai suka haɗa auren nan ba, Suicidal Tendencies na can Kalifoniya suna nasu, Corrosion of Conformity ma suna nasu. Amma wancan nauyin mai rausaya wanda ya mamaye rediyon Amurka a shekarun 1990, wanda Rage Against the Machine da Deftones da ire-irensu suka sayar da miliyoyin faya-fayai da shi, je ka saurari albam ɗin 1986 ka faɗa min daga ina ya fito. Kuma akwai waƙa ɗaya a ciki, Sacred Love, da H.R. ya rera ta wayar tarho daga gidan yari inda aka tsare shi kan tabar wiwi, aka naɗa a haka aka bar ta a haka. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Na san abin da masu kare kasuwar za su ce, wai su suka kashe kansu. H.R. ba ya zama wuri ɗaya, yau ya fita daga ƙungiyar gobe ya dawo, shi rege yake so sauran suna son nauyi, a 1995 da kamfanin Madonna wato Maverick ya ɗauke su aka haɗa su yawon wasa da Beastie Boys ya yi rigimar da ta watsa komai har da kamun 'yan sanda. Duk gaskiya ne, kuma wataƙila da ya natsu da labarin ya ɗan canza, wataƙila. To amma tun yaushe rashin natsuwa ya hana mawaƙin rok ɗaukaka? Ozzy Osbourne ya gatsa kan jemage a kan dandamali a 1982, ya shafe shekaru cikin maye, kuma sau biyu aka shigar da shi zauren karrama mawaƙan rok da ke Cleveland, a 2006 da Black Sabbath sannan a 2024 shi kaɗai. Shi in ya yi sai a ce gwarzo ne, baƙi in ya yi sai a ce ba ya jin magana. A bar wannan zancen don Allah.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne mu da kanmu muke taya su. Chuck Berry, ɗaya daga cikin iyayen kiɗan rok, baƙi ne, gwanin jita Jimi Hendrix baƙi ne, an kwashe gadonsu an canza masa riga an dawo mana da shi, mu kuma muna cewa a'a ba namu ba ne. Ga Mdou Moctar nan ɗan Nijar, Buzu daga arewacin ƙasar, jitarsa tana kururuwa a manyan dandamalin Turai da Amurka, kuma mai kaɗa masa bes Mikey Coltun a cikin 'yan fank na Washington ya taso, wato gidan da Bad Brains suka gina. Shi ma Mdou ɗin haukan Turawa yake yi kenan?

A 2016 an saka sunan Bad Brains cikin waɗanda za a zaɓa zuwa wancan zauren na Cleveland, aka ɗauki Journey da Yes da Pearl Jam aka bar su a waje. Kuma a wannan shekarar dai, bayan Dr. Know ya yi ciwon zuciyar da ya kusa kai shi kabari, H.R. kuma yana fama da wani matsanancin ciwon kai da sai da aka yi masa tiyata a ƙwaƙwalwa a 2017, sai da aka buɗe asusun neman taimako a intanet, masoya suna jefa dala goma dala ashirin, kafin a samu kuɗin asibitinsu.