Amsoshin Tambayoyinku: Matashiyar da ta ci zinare a tseren dusar ƙanƙara tana da shekara 18

Jama'a masu saurare assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Ga mu a cikin shirin Amsoshin Tambayoyinku daga nan Sakkwato birnin Shehu. Wasiƙu biyu ne a gabana yau, kuma duk a kan abu guda suke.

Ta farko daga wata ɗaliba ce ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke zaune a Mabera. Ta ce ta ga wani bidiyo a wayarta, wata matashiya na gangarowa daga kan dutse cikin dusar ƙanƙara kamar walƙiya, tana bugun wasu sanduna ja da shuɗi, mai sharhi na ta kiran sunan Mikaela Shiffrin. Tana so ta san wace ce ita, wane irin wasa ne wannan, kuma da gaske sana'a ce da mutum ke cin abinci da ita?

To 'yata, sunan wasan silalom, kalma ce daga harshen mutanen Nowe. Akan kafa sanduna a gangaren dutse bibbiyu, kamar ƙofofi, ja sannan shuɗi, ja sannan shuɗi, har ƙasa. Ɗan wasa yana ɗaure da wasu dogayen katakai biyu a ƙafafunsa, na mata ba sa gaza santimita 155, na maza 165, dole kuma ƙafafun nan duka biyu su ratsa kowace ƙofa. Bugun da kika ga tana yi wa sandunan ba laifi ba ne. Gindinsu na lanƙwashewa, ita kuma tana neman hanya mafi kusa, shi ya sa take ture su da hannu da ƙwauri, sanye da kariya a hannu da ƙwauri da haɓa. Laifin shi ne ta tsallake ƙofa, ko sanda ta shiga tsakanin ƙafafunta. In hakan ta faru an fitar da ita nan take, ko da ita ke gaba.

Sau biyu ake gangarowa, kowanne wajen minti guda, sai a haɗa lokacin. A gasar cin kofin duniya, mutum 30 na farko ne kaɗai ke komawa karo na biyu, kuma daga na 30 ake farawa, wanda ya fi kowa sauri shi ne na ƙarshe. Wato gwani sai ya jira kowa ya gama kwarzane hanya ta yi ramuka kafin ya sauko. Kada ki ɗauka dusar mai laushi ce. Ruwa suke zuba mata ta daskare, ta koma kamar ƙanƙarar da muke saye a azumi. Agogon kuwa yana auna har kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, abin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma sau da yawa shi ke raba na ɗaya da na biyu.

Ita Mikaela Shiffrin ba'amurkiya ce, an haife ta ranar 13 ga Maris 1995 a garin Vail na jihar Kolorado. Iyayenta duka sun yi wasan, mahaifiyarta Eileen ta daɗe tana cikin masu horar da ita tana binta ƙasa ƙasa. Ta yi karatu a wata makaranta a jihar Bamont inda ake haɗa darasi da horon tsere. A Maris 2011 ta fara shiga gasar cin kofin duniya, saura kwana biyu ta cika 16. Wannan gasa ba ta mako biyu ba ce irin ta ƙwallo, jerin tsere ne daga ƙarshen Oktoba zuwa Maris, na ɗaya ya samu maki 100, na biyu 80, na uku 60, har zuwa na 30 mai maki ɗaya. A Disamba 2012 ta ci tserenta na farko a Are ta ƙasar Suwidin. A 2013 ta zama zakarar duniya a Ostiriya tana da shekara 17. A 2014 kuma ta ɗauki zinare a gasar Olamfik ta Sochi a Rasha tana da 18, mafi ƙarancin shekaru da aka taɓa ci da shi a silalom na Olamfik.

Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai game da yarinyar nan shi ne abin da ya biyo baya. A Fabrairu 2020 mahaifinta Jeff ya rasu bayan wani hatsari a gida, ta ajiye wasa wata da watanni. A 2022 ta je Olamfik a Beijin duniya na jiran ta kwaso lambobi, sai ta kasa kaiwa ƙarshe a tsere uku, har da silalom ɗin da ta fi kowa iyawa. An nuno ta zaune a gefen hanya kanta a kan gwiwa. Ta koma gida ba ko tagulla. Mu nan mun san yadda ake yi wa ɗan kokawa in ya sha kaye a gaban jama'a, nan da nan a ce ƙarfinsa ya ƙare. Shekara guda bayan haka, a Maris 2023, a garin Are ɗin da ta fara ci, ta wuce tarihin Ingemar Stenmark na Suwidin mai nasara 86 a gasar cin kofin duniya, wanda ya tsaya tun 1989. A Nuwamba 2024 ta yi mummunar faɗuwa a Killington ta Amurka, wani abu ya huda mata ciki har aka yi mata aiki. A Fabrairu 2025 ta dawo ta ci nasara ta 100 a Sestriere ta Italiya.

Batun cin abinci kuwa, sana'a ce. Akwai kuɗin kyauta a kowane tsere, sannan kamfanonin kayan wasa da masu talla suna biyan manyan 'yan wasa. Amma na sama ne ke shan romon. Na ƙasa da yawa su da iyayensu ke ɗaukar kuɗin jirgi da masauki da mai horarwa, kuma babu hutu: in zafi ya shigo Turai sai su bi sanyi zuwa Chile ko Ajantina ko Niyu Zilan. Ciwon gwiwa kuma ya raba da yawa da sana'ar tun suna ƙanana. A garin Levi na Finlan har barewar ƙasar sanyi ake ba wanda ya ci ya raɗa mata suna, ita kuma Mikaela ta tara garke guda a can.

Wasiƙa ta biyu daga wani malamin firamare ce a Bodinga. Ya ce ɗalibansa sun tambaye shi ko baƙar fata ya taɓa yin wannan wasa, kuma ko yaron Sakkwato zai iya.

Allah gafarta Malam, an yi. Lamine Gueye na Senegal ya shiga Olamfik ta Sarajevo a 1984, shi ne baƙar fatar Afirka na farko a wannan fage. Kwame Nkrumah-Acheampong na Ghana ya yi silalom a Olamfik ta Bankuba a 2010, kuma ya kai ƙarshe a ranar da da yawa suka faɗi. Sai da ya girma ya koyi zamiya, a wani ɗaki mai dusar inji a Milton Keynes ta Ingila inda yake aiki. Najeriya ta fara zuwa Olamfik ta hunturu a 2018, da mata masu tseren keken ƙanƙara, sai Samuel Ikpefan a 2022 a tseren dogon zango na kan dusa.

Amma kada mu ruɗi yara. Sanyin hunturunmu, duk hazonsa da tsagewar ƙafa, ba ya saukar da dusa. Waɗanda suka kai matsayin Mikaela tun suna shekara biyu ko uku suke kan ƙanƙara, kuma kusan duk 'yan Afirkan da suka je gasar a Turai ko Amurka suka koya. A nahiyarmu akwai wuraren zamiya a Oukaimeden ta Maroko da kuma tsaunukan Lesotho. Yaron da abin ya shiga ransa, Malam ya nema masa takalmin taya ya jera masa gwangwanaye a fili mai siminti ya riƙa ratsa su, domin su ma 'yan silalom suna irin wannan horon a lokacin da babu dusa. A sa masa hular kwano da kariyar gwiwa, kuma a nisanta shi daga titin mota.