Ƙofofin agaji a jami'a: NELFUND da TETFund

Jama'a, barkanmu da warhaka. Duk lokacin da aka buɗe rajista a jami'o'in gwamnati a Najeriya, akwai ɗaliban da suke zaune a gida suna kallon ranar rufewa tana matsowa, kuɗi bai haɗu ba. Wasu daga nan suke ajiye karatun, alhali akwai ƙofar da ba su ƙwanƙwasa ba.

Ƙofar ita ce NELFUND, asusun ba ɗalibai rance. An sa hannu a sabuwar dokarsa a Afrilun 2024, aka buɗe shafinsa na intanet a watan Mayu. Rancen babu kuɗin ruwa, kuma wannan ne abin da iyaye da yawa suke fara tambaya. Kuɗin makaranta ba ya biyowa ta hannunka, kai tsaye ake tura wa jami'a. Abin da yake shigowa asusunka na banki shi ne kuɗin ɗawainiya, naira 20,000 a wata, in ka nema. Sai bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa za ka fara biya, a riƙa cire kashi 10 cikin ɗari na albashinka.

Ka tanadi lambar JAMB, da NIN, da BVN, da lambarka ta ɗalibi. To, ga inda ake yawan maƙalewa. Sai jami'arka ta ɗora bayananka tukuna shafin zai gane ka. Ka cika komai, ka danna, ya ce bai san da kai ba. Kada ka tsaya kana fafatawa da waya har tsakar dare. Da safe ka tafi ofishin kula da harkokin ɗalibai, ka ce a duba ko sunanka yana cikin waɗanda aka tura. Ka kuma duba rubutun sunan da kyau, domin Muhammad a takardar JAMB da Mohammed a NIN suna iya jawo maka cikas.

A ofishin nan ne kuma ake maganar ɗakin kwana da masu ba da shawara in damuwa ta yi yawa. Asibitin makaranta kuwa, a jami'o'i da dama kuɗinsa yana cikin abin da ka biya na rajista, sai ka je a buɗe maka kati tun kana da lafiya.

Malamai su ma suna da tasu ƙofar. Allon TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, da kuke gani a jikin ɗakunan lacca ya sa wasu sun ɗauka gini kawai asusun yake yi. Asalinsa yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 1992 ne, wanda ya haifar da asusun harajin ilimi a 1993, inda a wancan lokacin kamfanoni suke ba da kashi 2 cikin ɗari na ribarsu. A 2011 aka mayar da shi TETFund, aka taƙaita shi ga manyan makarantun gwamnati. Yana ɗaukar nauyin digiri na biyu da na digirgir, da halartar taron ƙara wa juna sani, da bincike. Malami ba ya nema kai tsaye, makarantarsa ce take miƙa sunansa. Saboda haka, Malam, ka nemi jami'in TETFund na jami'arku, ka ji lokacin da ake karɓar takardu a bana.