Amsoshin tambayoyinku: na'urar tace wuta don manyan kayan sauti

Assalamu alaikum masu sauraro. Wasiƙar farko ta wani Alhaji ce daga Aboabo, nan Kumasi. Ya ce ya haɗa amfilifaya da lasifikoki masu tsada, ana ta ba shi shawarar sayen na'urar tace wuta, wadda 'yan kasuwa ke kira kondishina. Wace iri zai saya?

Alhaji, kafin ku fitar da ko sidi ɗaya, ku sa mai gyaran wuta ya auna soket ɗin da mita, da safe da kuma bayan magariba, lokacin da unguwa duka ta kunna kaya. Wutar ECG, wato kamfanin wutar lantarki na Ghana, volt 230 ce. In ta tsaya tsakanin 207 da 253, na'urar tace wuta ta ishe ku. In tana faɗuwa zuwa 190 ko ƙasa, sitabilaiza kuke bukata tukuna, domin yawancin na'urorin tacewa ba sa ɗaga wuta. Aikinsu biyu ne: rage dattin da firiji, caja da ƙwan LED ke zubawa cikin layi, da tare bugun wuta mai ƙarfi. Sitabilaiza mai servo, wadda ƙaramin injin cikinta ke daidaita wuta a hankali, ta fi mai rile, wadda ke canja wuta mataki-mataki, a nan, don ta rile tana yin ƙas-ƙas duk sanda ta canja mataki, wani lokaci har a lasifika ake ji.

Mai gyaran wutar ya duba wayar ƙasa ma, wato wadda ke zubar da wuta cikin ƙasa don kariya. Wannan ne muka fi damuwa da shi, domin gidaje da yawa soket mai baki uku ne, amma bakin saman ba a haɗa shi da komai ba. In haka ne, na'urar ba ta da inda za ta zubar da bugun, an yi asarar kuɗi ke nan.

Sai girma. Ku tara wat ɗin da aka rubuta a bayan kowace na'ura. Misali amfilifaya 600, sauran kayan 100, ya zama 700. Ku ƙara rabin hakan, ya zama 1,050, sannan ku ɗauki mai VA 1,500, tunda VA, ma'aunin ƙarfin da ake rubutawa a jikin na'urar, ba daidai yake da wat ba. Amfilifaya na fizgar wuta sa'ad da ganga ta buga, don haka ku sa ta a ramin na'urar tacewa da aka ware wa manyan kaya, in ba haka ba za ku ji sautin ya shaƙe. Saboda dumsor kuma, wato yawan ɗauke wuta, ku nemi mai jinkirta kunnawa bayan an dawo da wuta, mai yankewa da kanta in wutar ta wuce kima.

Wata Hajiya daga Asawase ta ce ɗanta zai aiko mata da irin na'urar daga Amurka. Hajiya, ki ce ya dakata. Na can an yi su ne don volt 120, sassan kariyarsu za su ƙone nan take a wutarmu. Ya nemi mai 230, mai soket irin na Ingila. Sassan kariyar nan suna gajiya da kowane bugu, to in fitilar shaidar kariya ta mutu, a canja na'urar ko da tana ba da wuta. In hadari ya taso da tsawa kuwa, a zare filogi daga bango.