Wa Ya Faɗa Maka?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

A makon jiya wani abokin aikinmu, mutumin da ya haura shekara 10 yana karanta labarai, ya ɗora hoton gawawwaki a shafinsa na Facebook. A sama ya rubuta "Da ɗumi-ɗumi", a ƙasa kuma "Allah Ya sa ba gaskiya ba ne". Na buga masa waya na ce, Malam, wa ya faɗa maka? Ya ce a wani zauren WhatsApp ya gani. Na ce to shi wanda ya tura, a ina ya samo? Sai shiru.

Da a ɗakin labarai aka miƙa masa hoton nan, wallahi ba zai bar shi ya wuce ba. Zai nemi kakakin 'yan sanda, ya lalubo wakilin da ke yankin, ko dagacin garin ma sai ya kira. To me ya sa da zarar waya ta shiga hannu sai aikin ya fita daga kai?

Wai shafinsa ne, ra'ayinsa ne, ba na tasha ba. Haba Malam! Dubban mutanen da ke bin ka, don kyawun fuskarka suka zo? Muryarka suka sani a rediyo. Tsohuwar da jikanta ya nuna wa hoton ba ta san wani bambanci tsakanin shafi da tasha ba. Cewa za ta yi, ai ɗan jarida ne ya faɗa.

Kuma mun ga inda irin wannan ke kaiwa. A watan Yunin 2018 an yi kashe-kashe a yankin Gashish na ƙaramar hukumar Barikin Ladi a jihar Filato, 'yan sanda suka ce mutum 86 aka rasa. Wannan gaskiya ne. Amma cikin abubuwan da aka yi ta yaɗawa a Facebook da sunan rikicin, har da bidiyon wani mutum da aka sara a ka, wanda binciken BBC ya gano a Kongo Barazabil aka ɗauke shi tun 2012. Washegari matasa suka tare hanya kusa da Jos, aka fito da matafiya daga motoci, aka kashe mutum 11. Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Wannan kam ta yi, kuma iyalansu ne suka tsince su.

Ba na cewa ɗan jarida ne ya fara yaɗa wancan bidiyo. Tambayata ɗaya ce: da ya faɗo wayarka a daren, za ka tsaya ka ce wa ya faɗa, ko za ka danna saboda kada wani ya riga ka?

Na san za a ce gudu ake yi yanzu, wanda ya tsaya bincike an bar shi a baya. A bar ka mana! Gasar me ake, da wa? Da yaron da ya buɗe shafi jiya don tara mabiya? Ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilori a 1998 sun ce ka guji buga abin da ba daidai ba, in kuma ka yi kuskure ka gaggauta gyarawa. Ban ga inda aka ce sai dai in a waya ne ba. Kafin Ilori ma, aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta umarce mu da neman bayani, don kada a cutar da wasu mutane cikin jahilci. Kuma "Allah Ya sa ba gaskiya ba ne" ba bincike ba ne, wanke hannu ne kawai.

Shi abokin namu, da yamma ta yi aka gano tsohon hoto ne, sai ya goge a ɓoye, ba gyara ba neman afuwa. Da safen nan wani ya sake turo mini hoton, ga sunansa nan ɓaro-ɓaro a sama.