Robin Hood: Wane Fim Ne Ya Riƙe Labarin Asali?

A duk lokacin da aka ambaci Robin Hood, ɗan fashin dajin Sherwood na Ingila, gardamar da ke tashi ba ta wuce ta fim ɗin da ya riƙe labarin asali. Wasu sun kafe kan na 1938, wanda Errol Flynn ya fito cikin koren kaya, wasu kuma na 1991 suke so, mai Kevin Costner da Morgan Freeman a matsayin Azeem, Musulmin da ya biyo shi daga kurkukun Ƙudus. Akwai ma waɗanda ba su san kowa ba sai yanyawar nan ta Disney ta 1973, kuma ban ga laifinsu ba.

Ku lura da ƙarshen waɗannan ukun. Sarki Richard, wanda ya tafi yaƙin 'yan Salibi, yana dawowa gida, sai komai ya daidaita. Mafi yawan masu kallo sun ɗauka wannan ne tushen labarin, alhali kuwa daga baya aka ɗora shi.

An fara ambaton Robin Hood a adabin Ingila wajen 1377. A doguwar waƙar da aka buga wajen 1500, sunan sarkin Edward ne, dajin da ya fi zama kuma Barnsdale ne a Yorkshire, sannan babu masoyiyarsa Marian ko kaɗan. Robin kansa ba basarake ba ne, ɗa ne mai cin gashin kansa, wanda ya fi bara daraja amma bai kai barde ba. Kyautarsa mafi girma a waƙar ma ba ga talakawa ta tafi ba, domin fam 400 ya ranta wa wani barde da bashi ya yi wa katutu, har shugaban wani gidan ibada a York yana shirin ƙwace masa ƙasa.

A 1521 ne masanin tarihi John Major ya sanya shi a zamanin Richard. A 1598 marubucin wasan kwaikwayo Anthony Munday ya naɗa masa sarautar Huntingdon, sannan a 1819 marubuci Walter Scott ya ƙara rikicin Sakson, 'yan ƙasa, da Norman, waɗanda suka ci Ingila da yaƙi. Waɗannan ƙare-ƙaren ne finafinai suka gada, kuma sun sauya halin mutumin ƙwarai, domin da zarar an ce akwai sarki adali a hanya, Robin ya tashi daga ɗan tawaye ya koma mai riƙe wa sarki amana. Shi ya sa a fim ɗin 1938 dukiyar da suka ƙwace suke ajiye ta don fansar Richard, wanda aka kama a hanyarsa ta dawowa daga yaƙi. Abin dariya a nan shi ne, Richard na gaskiya ya yi shekara goma a kan karaga, daga 1189 zuwa 1199, amma zamansa a Ingila bai wuce kusan wata shida ba, kuma kuɗin fansarsa da haraji aka tatso shi daga jama'a. A tsohuwar waƙar kuwa, Robin ya yi wa sarki mubaya'a, ya zauna a fada, zaman ya gundure shi, ya koma daji ya ƙara shekara 22.

Fim ɗin 2010 ya mayar da shi maharbi talaka, ya kuma kashe Richard tun da wuri, sai dai a ganina Russell Crowe ya cika ɗaure fuska ga mutumin da aka sani da raha. Na 2018 zan wuce shi da sauri, kamar yadda masu kallo suka yi.

Wanda na fi yarda da shi na 1976 ne, inda Sean Connery ya fito tsoho mai furfura, Richard kuma azzalumi. A tsohon labari, shugabar gidan ibadar mata na Kirklees ce ta yi ajalin Robin, fim ɗin kuwa ya ɗora wannan a hannun Marian, wadda ta ba shi guba bayan ita ma ta sha. Ga shi nan kwance, yana neman a miƙo masa baka, ya harba kibiya ta taga, ya ce wa abokinsa Little John inda ta faɗi nan za a binne su.