Asibitin tsofaffin sojoji na Aurora: inda kuɗin suka zurare

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? Madalla. Abubuwa uku zan taɓo kan asibitin tsofaffin sojoji da gwamnatin Amurka ta gina a Aurora, jihar Colorado, dab da Denver.

Na farko kuɗi. A 2004 an ƙiyasta dala miliyan 328. Da aka ƙulla kwangila da kamfanin Kiewit-Turner, aka tsaya a kan miliyan 604. Kafin a buɗe shi a 2018 ya lashe kusan biliyan 1.7.

Na biyu, kuma a nan zan daɗe, shi ne zane. Ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, wato VA, ta sa hannu a kwangilar alhali zanen ginin bai kammala ba. Ku riƙe wannan, jama'a: bai kammala ba! Magina da ke nan, ku faɗa mini, wa zai yanka kuɗin gini bai san ɗaki nawa ba ne? Masu zane na can suna ƙara ƙawa, har da wani dogon baranda na gilashi da ya haɗa gine-ginen. Ɗan kwangila yana ta cewa zanen nan ya fi ƙarfin kuɗin nan, ma'aikata ta yi kunnen uwar shegu. A Disambar 2014 hukumar da ke sauraron ƙararrakin kwangila ta ba kamfanin gaskiya, shi kuwa ya janye ma'aikatansa. Sai da aka kira injiniyoyin rundunar soja suka karɓi ragamar aikin. Duk daga zanen da bai kammala ba.

Ina muka kwana? Na uku, siyasa. A 2015 VA ta nemi ɗiban kuɗi daga wani asusun lafiyar tsofaffin sojoji don ta cike giɓin, Jeff Miller, shugaban kwamitin harkokin tsofaffin sojoji na majalisar wakilai a lokacin, ya ƙi. Aka yi ta ja-in-ja, majalisa na sakin kuɗi kaɗan-kaɗan.

Na'am, Hajiya? Tana tambaya ko an hukunta wani. Hajiya, babban jami'in gine-ginen VA, Glenn Haggstrom, ritaya ya yi a 2015 da fanshonsa. Majalisa dai ta yi doka cewa duk aikin ginin VA da ya haura dala miliyan 100, wata hukumar daban za ta riƙe shi. Amma abin da ke ci mini rai, ginin da aka tanada don sojojin da yaƙi ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, shi aka cire daga aikin don a rage kuɗi, aka buɗe asibitin babu shi. Akwai wata tambayar?