Darasi na Bakwai: Sinadari Ɗaya, Hanya Biyu

Assalamu alaikum, jama'a, barkanmu da yamma daga Aboabo, nan Kumasi. Ƙannena da ke karatun injiniyan sinadarai a jami'ar KNUST, darasin nan naku ne, amma duk mai sha'awa ya matso. Za ku ji ƙarar motoci jefi-jefi, ku yi haƙuri, tagar tana kallon titi.

Zuwa yanzu mun saba da sinadari A ya koma abu ɗaya, mu lissafa girman riyakta, wato mazubin da sinadarai ke juyewa a ciki, shi ke nan. A masana'anta ba kasafai ake samun haka ba. A yakan rabu gida biyu a lokaci guda. Wani ya zama D, abin da muke nema, wani ya zama U, wanda ba mu so. Kuɗi ka sa ka sayi A. Duk wanda ya bi hanyar U ka yi asararsa, kuma sai ka ƙara kashe wasu kuɗin wajen tace shi daga cikin kayanka. Shi ya sa injiniya yake fara tambayar ina A ya tafi, kafin ya tambayi nawa ya ƙare.

Ku dubi allo. Saurin kowace hanya ya dogara da kaurin A, wato yawansa a cikin lita ɗaya. Mu ce saurin D shi ne kauri sau kauri, darajarsa 2 ke nan. Saurin U kuwa kaurin ne kawai, daraja 1. Idan kauri 10 ne, D na gudu da 100, U da 10. Idan ya sauko 1, sun yi kunnen doki. Idan ya kai 0.1, D ya koma 0.01, U na 0.1, wato shara ta ninka kaya sau goma. Sinadarin bai canza ba, zafi bai canza ba. Kauri kaɗai muka taɓa.

Ɗaliba: Malam, to ina ruwan siffar riyakta da wannan?

Yauwa, ƙanwata, nan ne gizo ke saƙar. Ki tuna mai koko da asuba. Idan ta zuba cokalin siga a babbar tukunya tana damawa, nan take sigan ya baje, ko'ina ɗanɗano ɗaya. Haka tanki mai damawa yake. A na shiga ya tsinke, kaurin da ke cikin tankin daidai yake da na bakin fita. Riyakta mai bututu kuwa ba ya cakuɗa na gaba da na baya. A yana shiga da kaurinsa, yana raguwa sannu a hankali har ƙarshen bututun.

Mu gwada da lambobinmu. A ya shiga da 10, muna so ya fita da 1. A tanki mai damawa, duk aikin a kan kauri 1 ake yinsa, don haka rabi kaya, rabi shara: kashi 50 cikin 100. A bututu, yawancin A ya riga ya juye tun yana da kauri, sai can ƙarshe U ke samun dama. In kun tara lissafin daga 10 zuwa 1, za ku samu kusan kashi 81. Hamsin da tamanin da ɗaya! Kayan ɗaya ne, tukunya kawai aka sauya. Wallahi ranar da na fara yin lissafin nan da hannuna, na daɗe ina kallon takardar.

Saboda haka in darajar D ta fi, a riƙe kauri sama: bututu ko rufaffiyar tukunya, kada a sirka, in iska ce a ƙara matsi. In ta U ce ta fi, a juya komai.

Ɗalibi: Malam, in darajarsu ɗaya fa?

To kauri ya fita daga zancen, bututu da tanki duk ɗaya. Saura zafi da katalis, wato abin da ke zaburar da haɗuwa ba tare da ya ƙare ba. Kowace hanya tana da tudun da sai an hau kafin a wuce. Tun 1889 Arrhenius ya nuna yadda zafi ke ƙara sauri, kuma hanyar da tudunta ya fi tsawo ita ta fi cin moriyar ƙarin zafi.

Ga misali na gaske. Robar ruwan da ake sayarwa a kasuwar Kejetia, mai murfi nake nufi, ana yinta da sinadarin itilin gilaikol, shi kuma daga itilin oksaid yake fitowa. A 1931 wani Bafaranshe, Lefort, ya gano cewa itilin da oksijin za su ba da shi kai tsaye a kan azurfa a matsayin katalis, aka fara yinsa a masana'anta a Amurka a 1937. Amma itilin ɗin nan yana iya ƙonewa ƙurmus ya zama kabon dayoksaid da ruwa. Ƙonewar tana fitar da zafi fiye da sau goma na hanyar da ake so. Zafin ya ƙara wa ƙonewa ƙarfi, ƙonewa ta ƙara zafi, abu ya nemi ƙwacewa. Shi ya sa ake zuba azurfar cikin dubban siraran bututu, ruwan sanyaya yana zagaye su, a tsare zafi tsakanin digiri 200 da 300. Ana kuma saka ɗan mitsitsin sinadari mai kulorin don danne ƙonewar, kuma ba a bari itilin ya ƙare a zagaye ɗaya, sai a maido ragowar. Da haka, da katalis na zamani, kashi 80 zuwa 90 na itilin da ya juye ke bin hanyar da ake so.

Aikin gida: ku juya darajojin, D ya zama 1, U ya zama 2, daga kauri 10 zuwa 1. Ku lissafa wa tanki, ku lissafa wa bututu, ku turo a WhatsApp kafin Juma'a. Sai mun haɗu, in Allah ya kai mu.